Wai waye ya sa Marlon Brando cikin duhu a Apocalypse Now, darakta ko mai kyamara?

Ɗan Auta:

Assalamu alaikum, don Allah masana harkar fim ina da tambaya. Jiya da daddare na zauna kallon Apocalypse Now, tsohon fim ɗin nan na yaƙin Biyetnam na 1979, wani abokina ne ya dame ni wai in ban kalle shi ba to ban fara kallon fim ba tukuna. Komai na tafiya daidai har aka zo wajen ƙarshe inda aka isa sansanin Kanar Kurtz, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, kawai sai allon ya yi baƙi ƙirin, ba abin da kake gani sai gefen wani kai mai aski ƙwal-ƙwal yana shiga haske yana fita, mutumin yana magana ƙasa-ƙasa yana shafa ruwa a ka. Wallahi na ɗauka kwafin da na samu ne ya lalace, na ƙure hasken kwamfutar, na kashe fitilar ɗaki, har wani kwafin na nemo, shi ma haka. Sai a nan na gane da gangan aka yi. Da na mayar da hasken yadda yake na sake kallo sai da tsigar jikina ta tashi, ashe rashin ganin fuskar ne ma abin tsoron.

Na duba sunayen ma'aikatan fim ɗin na ga mai ɗaukar hoton wani ɗan Italiya ne wai shi Vittorio Storaro. To waye shi, me ya kai ɗan Italiya cikin fim ɗin Amurkawa, kuma irin wannan shawarar ta duhu ta wa ce? Ni duk a zatona mai kyamara aikinsa a ce masa tsaya nan, ɗauko can, shi ke nan.

Malam Habu Mai Hoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don ni na tsufa da kyamara a wuya kuma wannan mutumin na daɗe ina bin aikinsa, sai dai ka yi haƙuri da tsawon bayani.

Storaro an haife shi a birnin Rum ranar 24 ga Yuni 1940. Babansa mai haska majigi ne a kamfanin fim na Lux Film, ka ga kuwa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana ɗan shekara 11 aka sa shi makarantar koyon hoto, yana 18 ya shiga Centro Sperimentale di Cinematografia, babbar makarantar fim ta ƙasar Italiya. Bai faɗo daga sama ba, ya yi yaron kyamara, yana cikin masu taimako a fim ɗin Bernardo Bertolucci na 1964, Before the Revolution, a nan suka san juna. Fim ɗin farko da aka damƙa masa hoton gaba ɗaya shi ne Giovinezza, giovinezza a 1969, baƙi da fari. Sai 1970 abin ya fashe, shekara ɗaya fina-finai uku da har yau ake maganarsu: The Bird with the Crystal Plumage na Dario Argento, sai biyu na Bertolucci, The Spider's Stratagem da The Conformist. A lokacin fa shekararsa 30 kacal.

The Conformist ɗin nan shi ne amsar tambayarka ta biyu, don shi ne ya sa daraktocin Amurka suka farga da shi, har da Francis Ford Coppola, daraktan Apocalypse Now. Labarin wani mutum ne Marcello a zamanin mulkin kama-karyar Mussolini da 'yan Fasist ɗinsa a Italiya, yana so ya saje da jama'a ko ta halin ƙaƙa, har ya yarda a aike shi Paris a kashe tsohon malaminsa da ya gudu daga 'yan Fasist. Akwai wani waje da nake so ka nema ka kalla ko da shi kaɗai ne. Marcello ya shiga ofishin malamin, aka rufe taga ɗaya saura ɗaya, haske yana shigowa ta gefe guda inuwar Marcello ta fito ɓaro-ɓaro a jikin bango, suna hira a kan misalin nan na Aflaton, masanin falsafar tsohuwar Girka, na fursunonin da aka ɗaure cikin kogo ba su taɓa ganin komai ba sai inuwa a bango har suka ɗauka ita ce gaskiyar duniya. Suna gama magana malamin ya buɗe tagar, haske ya cika ɗakin, inuwar ta ɓace ɓat. Ba wanda ya buɗe baki ya ce Marcello inuwa ce ba mutum ba, taga ce ta faɗa. Na fi sau ashirin ina mayar da wannan wajen baya. Akwai kuma inda budurwarsa take sanye da riga mai zane baƙi da fari, hasken da ke ratsowa ta labulen taga mai layi-layi yana yawo a kanta da bango, ɗakin gaba ɗaya ya koma kamar keji.

Shi da bakinsa yana yawan faɗin inda ya samo abin. A Rum akwai wani coci San Luigi dei Francesi, a ciki akwai zanen Caravaggio na wajen shekarar 1600, na kiran Matta mai karɓar haraji, mutane zaune a tebur suna ƙirga kuɗi cikin ɗaki mai duhu sai wani haske ya yanko daga sama ta dama kamar wuƙa ya raba ɗakin biyu. Ya ce ganin wannan zanen ya canza masa tunani a kan haske. In ka kalli zanen ka dawo ka kalli kan Brando za ka ga jini ɗaya ne.

Coppola kuwa da ya neme shi da farko ya yi nauyin karɓa, saboda Gordon Willis ne ya yi wa Coppola hoton The Godfather, ba ya so ya shiga gonar wani. Daga baya ya yarda. A ƙasar Filifin aka ɗauka daga 1976 zuwa 1977, aikin da aka yi zaton 'yan watanni ne ya ci kwana 238 na ɗauka, mahaukaciyar guguwa ta rushe musu wuraren da suka gina, jarumin fim ɗin Martin Sheen ya samu bugun zuciya, jiragen masu saukar ungulu kuma aro ne daga sojojin shugaba Marcos, ana tsakiyar ɗauka sai a kira su su tafi yaƙi da 'yan tawaye na gaske. A cikin wannan ruɗanin Storaro yana da tunani ɗaya da ya riƙe, wato ya gwara hasken da ɗan Adam ya ƙera da hasken Allah na daji. Shi ya sa za ka ga hayaƙi mai launin ruwan lemo da shunayya a kan kore, ko manyan fitilu farare tas a tsakiyar kogi cikin dare kamar filin ƙwallo, abin da ba muhallinsa ba, kamar yadda su Amurkawan ma ba muhallinsu ba ne.

Da Apocalypse Now ɗin ya ci Oscar na farko a watan Afrilun 1980, kuma abin sha'awa cikin waɗanda ya kayar har da wani dattijon ɗan ƙasarsu Giuseppe Rotunno, mai yi wa darakta Fellini hoto, da aka zaɓa saboda All That Jazz. Na biyu Reds na Warren Beatty, 1981, na uku The Last Emperor, 1987. An sake sa sunansa a takara da Dick Tracy na 1990 amma bai samu ba.

Batun wa ke da shawara, darakta ne mai cewa a yi ko a bari, ba musu. Amma ina fitila za ta tsaya, ina za a kashe, wane launi, wane gilashin kyamara, wannan na mai hoto ne. Shi Storaro ma ba ya son a kira shi daraktan hoto, ya ce darakta ɗaya ne a fim, shi marubuci ne da haske, littattafansa ma sunan da ya ba su ke nan. Sana'ar ce dai kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kowa ya san Coppola, mutum nawa suka san wanda ya riƙe fitila.

Ummu Hanan:

Baba Habu Allah ya ƙara lafiya, kun gama magana, ni dai The Last Emperor zan ɗan ƙara a kai don shi na fi so, kuma Ɗan Auta in za ka fara to da shi za ka fara, ya fi sauƙin shiga. Labarin Puyi ne sarkin Sin na ƙarshe da aka ɗora kan karaga a 1908 bai cika shekara 3 ba, ya ƙare a mai ban ruwan fulawa a lambu. A cikin ainihin fadar sarakunan a Bejin aka ɗauka, wadda ake kira Haramtaccen Birni, fim ɗin ya kwashe Oscar 9.

Abin da Storaro ya yi shi ne ya raba rayuwar mutumin da launuka. Farkon fim ɗin a tashar jirgin ƙasa komai ruwan toka ne, sanyi, ba launi, sai Puyi ya shige banɗaki ya yanke jijiyar hannunsa jini ya bazu cikin ruwa, wannan jan shi ne launi na farko da ya buɗe ƙofar tunawa da baya, daga nan sai ga jan ƙofar gidansu daren da aka zo ɗaukarsa yana jariri. Sai ruwan lemo na cikin fada, sai rawaya, wajen nan da yaron ya sauko daga karaga da gudu yana wasa da wani ƙaton labule rawaya da iska ke kaɗawa, labulen ya ɗaga sai ga dubban mutane a fili suna faɗuwa suna gaisuwa. Kore ba ya bayyana sosai sai da malaminsa Bature ya zo, Peter O'Toole ne ya fito a matsayin, har da keke kore, wato ilimi da labarin duniyar waje sun shigo. Karon farko da na kalla ban lura da ko ɗaya ba wallahi, kawai dai na ji fim ɗin yana canza min yanayi ban san dalili ba, sai a kallo na biyu.

Sarkin Musu:

Yabon gwani ya zama dole, ban ƙi ba, amma ku bari in ɗan zuba ruwan sanyi don abin ya fara zama waƙar yabo.

Na farko duhun Brando. Malam Habu da girmanka ka tsallake ainihin dalilin. Brando ya iso Filifin ya yi ƙiba fiye da yadda aka yi tsammani, alhali sojan daji ake so ya fito, dole aka sa masa baƙaƙen kaya aka ɓoye jikin a duhu, wasu wuraren ma wani dogon mutum aka sa a madadinsa daga nesa. Larura ce, daga baya aka zo ana yi mata fassarar falsafa.

Na biyu maganar launuka. Anti Ummu rawaya ai launin sarauta ne a ƙasar Sin tun kafin a haifi kakan Storaro, sarki kaɗai ke sa shi, fim ɗin ma da kansa ya faɗa a wajen da yake faɗa da ƙaninsa a kan riga. Jan bango kuma haka fadar take. Sannan akwai Ferdinando Scarfiotti da ya tsara wuraren da James Acheson da ya yi sutura, kowannensu ya ci Oscar ɗinsa a fim ɗin, Scarfiotti kuma shi ne ya tsara wuraren The Conformist ma. Me ya sa in an ga keke kore sai a ce mai kyamara? Mutumin ya karanta littafin marubucin Jamus Goethe a kan launi ya mayar da shi kamar karatun allo, wai ja kaza yake nufi, shuɗi kaza, har da cewa kowane launi yana da abin da yake yi wa jikin mutum. Ni ban saya ba.

Na uku kuma wanda ya fi ba ni haushi. A 1998 shi da ɗansa Fabrizio suka fito da wani tsarin girman allo wai Univisium, faɗi biyu tsawo ɗaya, ya ce daga zanen jibin ƙarshe na Leonardo da Vinci ya ɗauko ma'aunin, kuma yana so silima da talabijin duk su koma kansa. To ka yi sababbin fina-finanka da shi mana, wa ya hana ka. A'a, sai ya koma kan tsofaffin da aka ɗauka da faɗi 2.35 tsawo ɗaya ya sa aka datse gefe da gefe da za a fitar da su a faifan DVD, Apocalypse Now da The Last Emperor duk sun sha almakashi, kusan kashi 15 cikin ɗari na faɗin hoton ya tafi. Mutum yana gefen allo sai ka ga rabin kafaɗarsa. Masu kallo sun yi ta ƙorafi shekara da shekaru, sai a 2010 da aka fitar da Apocalypse Now a Blu-ray aka dawo da faɗinsa na asali. In wannan ba wuce gona da iri ba ne to mene ne? Ga illar mai kyamara ya fara jin shi ne mai fim.

Kuma kyan hoto ba ya ceton fim. One from the Heart na Coppola shi ya haska, an kashe kusan dala miliyan 26 bai dawo da ko miliyan 1 ba a Amurka, Coppola ya yi shekaru yana biyan bashi. Ishtar na 1987 ma shi ne, har yau misali ake da shi in ana maganar fim ɗin da ya faɗi.

Malam Habu Mai Hoto:

Sarkin Musu sunanka ya bi ka. Batun datse fim na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari, ni ma ya ɓata min rai, hoton da ka tsara da hannunka kana da shekara 36 ba ka da hurumin zuwa da tsufa ka yanke masa kunne. Sai dai abin dariya ma'aunin nasa bai mutu ba, House of Cards da Stranger Things na Netflix da shi aka yi su, Jurassic World ma haka, kuma da LG suka fito da wayar G6 mai allo 18:9, wato biyu da ɗaya ɗin nan nasa, a 2017 shi suka gayyato kan dandamali. Wayoyin da ke hannunmu yanzu dogaye ne kusan irin yadda ya ce.

Amma maganar Brando ban yarda ba. Eh ƙiba ce ta jawo, to sai me? Duk mai hoto ya san rabin aikin nan larura ce, rana ta faɗi, fitila ta ƙone, wanda za ka ɗauka ya zo da kumburin ido. Ka ba mutum goma wannan matsalar, tara za su ɗauke shi daga wuya zuwa sama da haske ko'ina su wuce wurin. Shi ya bar fitila ta gefe mai ruwan zuma, ya bar sauran baƙi, ya bar Brando yana shigo da kansa cikin hasken kaɗan-kaɗan yana janyewa yadda ya ga dama, kunne yanzu, goshi anjima, ido ɗaya can gaba. Bayan awa biyu ana ba ka labarin mutum ba ka gan shi ba, ka zo kuma a ba ka shi gutsure-gutsure. Na taɓa gwada irin wannan da mahaifina Allah ya jiƙansa, na zaunar da shi kusa da ƙofa na rufe komai, hoto goma sha biyu na ɗauka, goma sha ɗaya sun fito kamar an ɗauke wuta, ɗaya ne kawai ya yi, shi ne a bangon ɗakina yanzu. Duhu ya fi haske wuyar ɗauka, in ka rage kaɗan ya zama laka, in ka ƙara kaɗan asirin ya tonu.

Kuma baƙin nasa ba a bakin kyamara kaɗai yake samunsa ba, har ɗakin wanki yake bi. A kamfanin Technicolor na Rum aka ƙirƙiro wata hanya da ake kira ENR wadda ya yi amfani da ita a Reds. A ƙa'ida in ana wanke fim mai launi ana cire azurfar da ke jikinsa gaba ɗaya a bar rini kawai, su kuma sai su mayar da wani kaso na azurfar, sai baƙi ya ƙara zurfi launuka su ɗan lafa. Ka kalli tsofaffin nan da ake hira da su a cikin Reds, shaidun da suka san ɗan jarida John Reed da zamanin juyin juya halin Rasha na 1917, fuska kawai a gefe guda bayanta baƙi wuluk, duk wata tamoji a fuskar tana magana. Shi One from the Heart da ka ce ya faɗi, a nan ya fara haɗa fitilun gaba ɗaya a kan allon sarrafawa guda irin na gidan wasan kwaikwayo, ana cikin ɗauka haske yana canzawa ba sai an tsaya ba, yanzu kowa haka yake yi.

Fassarar launukansa kuwa ni ma ba duka nake ɗauka ba. Amma ko ƙarya ce ta yi masa amfani, don ta sa bai taɓa kunna fitila ba tare da ya san dalili ba.

Abu Fatima:

Ƙarin bayani biyu a taƙaice. Ɗan Auta ka yi hattara, ba duk fim ɗin da mutumin nan ya ɗauka ake kallo da iyali ba, musamman Last Tango in Paris na 1972 da 1900 na 1976, akwai rashin ɗa'a sosai, na farkon ma kotu ta haramta shi a Italiya kanta, ita kuma jarumar Maria Schneider ta yi ta kokawa har ƙarshen rayuwarta a kan yadda aka yi da ita a wajen ɗauka. The Conformist ma akwai wuraren da za ka tura gaba.

Na biyu, shi ne ya ɗauki fim ɗin nan na Iran na 2015 da Majid Majidi ya yi a kan ƙuruciyar Manzon Allah (SAW), wanda A. R. Rahman ya yi wa kiɗa. Ba a nuna fuska ba, amma duk da haka malaman Azhar da babban muftin Saudiyya sun yi tir da shi. Ni ra'ayina bai kamata a yi shi ba tun farko, na faɗa ne don ka san yana cikin tarihin aikinsa.

Ummu Hanan:

Kuma bai yi ritaya da wuri ba fa. Ya yi shekaru da darakta Carlos Saura na Sifaniya, Flamenco 1995, Tango 1998, Goya in Bordeaux 1999, a nan kusan ba gini ba komai sai allunan yadi da yake haskawa ta baya suna canza launi masu rawa suna wucewa kamar inuwa. Yana da shekara 75 ya koma kyamarar dijital a Café Society na Woody Allen da ya fito 2016, suka ci gaba tare har Coup de Chance a 2023. A 2015 kuma shi da 'yarsa Francesca, ita injiniyar hasken gine-gine ce, suka haska kufan dandalin tsofaffin sarakunan Rum da dare. Sarkin Musu na yarda Scarfiotti yana da kaso a keken, amma ka je ka kalli Wonder Wheel na 2017 inda fuskar Kate Winslet take juyewa daga ja zuwa shuɗi tana tsakiyar magana, ka dawo ka gaya min mai tsara ɗaki ne ya yi wannan.

Sarkin Musu:

Na kalla Anti, kuma shi ne ma hujjata, hasken ya yi yawa har na daina jin abin da matar take cewa ina kallon fitila.

Ɗan Auta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Habu Allah ya jiƙan mahaifi ya sa ya huta. Yanzu na koma na duba kwafin nan biyu da na ce muku na samu, ashe ba girmansu ɗaya ba, na farkon ya fi cika allo na biyun ya fi siriri da baƙin layi mai kauri sama da ƙasa, a wajen jiragen nan da suka taso daga teku akwai wanda nake gani a gefe a na biyun, a na farkon an yanke shi. Wato wanda aka datse na fara kalla ban sani ba. Na goge shi. The Last Emperor zan nema a daren nan kamar yadda Anti Ummu ta ce, sai dai yanzu Sarkin Musu ya sa min shakka, ta yaya zan gane wanda ba a datse ba kafin in sauke?